Jan Zare a Gezar Sanata

Talata, 9 ga Disamba, ƙarfe bakwai na safe

"Lama, ki kwantar da hankalinki. Muddin ni ne shugaban kwamitin gidan nan, babu dabbarki da za ta bar shi, sai dai tsufa ya ɗauke ta."

Maganar Leland ke nan a bakin gadon mutuwar malamarmu ta addinin Buddha, hannunsa dafe da ƙirji, ni kuma ina tsaye riƙe da kofin ruwan da ta kasa sha. Ban ƙara masa ko wasali ba. Har yau shi ne shugaban kwamiti. Jiya bayan zaman shiru na yamma ya tare ni a wurin ajiye takalma, ya ce an samar wa jakinta Sanata "wuri mai kyau" can bayan duwatsu, mota za ta zo ɗaukarsa washegarin addu'ar kwana arba'in da tara.

Wuri mai kyau. Tsohon jaki mai ido ɗaya, haƙoransa ba su cika hannu ba, wa ke ajiye wuri mai kyau yana jiransa?

Kyanwoyinta biyu ɗalibai sun yi rububinsu tun kafin tokar gawarta da aka ƙona ta huce, kowa na so a ce kyanwar Lama Berit tana kwana a kan gadonsa. Kajin ma an kwashe. Jakin ne ba wanda ya ɗaga hannu.

Na ce masa, "Leland, ina wurin lokacin da ka yi maganar nan." Ya ce, "Na sani, Maxine," da muryar da yake koya wa sababbin zuwa yadda ake numfashi. Shekara sha tara ina yi wa matar nan hidima, na bar aikin laburare na dawo wannan lungu na bakin teku saboda ita, kuma yau ni ake wa wannan muryar.

Alhamis, 11 ga Disamba, ƙarfe shida da rabi na safe

Ruwa tun asuba. Sanata ya sake zuwa ƙarƙashin tagar ɗakin zanen Lama ya tsaya. Ta nan take miƙo masa ɓawon burodi. Tagar a rufe take, ban shiga ba.

Lahadi, 14 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Addu'ar mako. Mutane sun cika zaure, har da waɗanda rabon da su taka gidan nan tun kafin ta fara dogara sanda. An rataye babban zanenta a bayan kujerarta, wanda ta yi wa Sanata yana hamma. Wata mata daga Portland ta tsaya gabansa tana hawaye, wai tana ganin tausayin dukkan halitta a idon jakin. Mai idon yana waje cikin ruwa, taku kaɗan daga inda ta ajiye motarta. Ba ta leƙa ba.

Bayan an idar Leland ya yi sanarwa. Ranar addu'ar ƙarshe za a yi fansar rai da sunan Lama: za a sayi ƙaguwa masu rai daga hannun masunta, a fita da su teku a sake su, ladan ya raka ta. Kowa ya haɗa tafukan hannu yana gyaɗa kai. Noreen, mai kula da teburin ibada, ta ce tsigar jikinta ta tashi.

Na bari sai da aka watse shan shayi.

Na ce, "Ashe fansar rai za mu yi."

"Ai abin da ta fi so ke nan."

"To ga rai can a barga, ba sai an sayo ba."

Ya ajiye kofinsa. Ya ce rufin zaure yana yoyo, in ba a mai da bargar ɗakunan baƙi masu zuwa kaɗaita ba, gidan ba zai kai baɗi ba. Ya ce masu inshora sun yi magana tun lokacin da Sanata ya ciji wancan baƙon a kafaɗa.

Na ce, "Baƙon da ya hau bayansa don a ɗauke shi hoto? Ni ma da na cije shi."

"Maxine, 'yar'uwa, ki duba zuciyarki. Wannan ƙulafuci ne. Ita da kanta ta koya mana sakin abu."

Na ce, "Ta koya mana sakin abin da muke so. Kai kuwa abin da ya dame ka kake sakewa, wannan ko mai kwashe shara ya iya."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Na ji daɗi na ɗan lokaci, kafin in dawo ɗaki in tarar da shi shiru kamar yadda na bar shi.

Laraba, 17 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Na taje wa Sanata geza yau, na ga zaren da ke ɗaure a cikinta ya koɗe sosai, jansa ya koma kalar bulo.

Ranar da Lama ta samo shi muna hanyar dawowa daga sayen takardar zane. Ta hangi kasuwar gwanjon dabbobi ta ce in tsaya. Na ce za mu makara zaman yamma. Ta ce, "Buddha ya iya jira, shi ba za a loda shi a mota ba." Masu sayen nama suna jingine da katanga suna taunar taba, ga wani jaki duk ƙashi, kofatonsa sun tanƙware sama kamar takalman wasa, ido ɗaya ya tsiyaye. Ba ta da kuɗi a jikinta. Ta je mota ta ɗauko zane biyu da aka riga aka yi wa ciniki, ta shimfiɗa su a kan bayan motar mai gwanjon. Mutumin ya ce shi bai san zane ba. Ta ce, "Matarka ta sani, kira ta." Ya kira ta kuwa.

A nan tsakar kasuwar ta zare jan zare daga gefen mayafinta na ibada, ta ƙulla masa a geza, ta karanta masa addu'a a kunne yana ƙoƙarin cin hannun rigarta. Haka malamanta na Tibet suke yi. Dabbar da aka fansa aka ɗaura mata zare, ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a ɗora mata kaya, kuma ba ta da ubangida sai ranta. Duk wanda ya taɓa zama a zaurenmu ya san wannan. Leland da kansa ya sha ba baƙi labarin, har yana kwaikwayon muryarta.

Ita ta sa masa suna. Ta ce ga shi da dogon jawabi da asuba, ga ci, ga ba ya aikin komai.

Ba ta da haƙuri, kada wani ya zo ranar addu'a ya ce tana da shi. Tana jifa da buroshi in zane ya ƙi. Ta taɓa korar ɗalibi daga zaure saboda ya harbi kare da ƙafa a waje, sannan ya shigo ya zauna kamar waliyyi. Takan yini tana kallon dabba ba ta taɓa tawada ba, sai can ta ja layi uku, ga dabbar nan tana numfashi a kan takarda. Ni ba ta taɓa zana ni ba. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce ba na tsayawa wuri ɗaya.

Asabar, 20 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je gari sayen dusa. Na haɗu da Arvo masunci a bakin kanti, yana warin kifi da giyar jiya.

"A'a, uwar jaki! Yaya ɗan naki? Ya fara makaranta?"

"Ya fi ka karatu, tsohon banza. Ɗauki buhun nan ka kai mini mota."

Ya ɗauka yana nishi. Ya ce ashe shi ne ya samu kwangilar ƙaguwar. "Mutuminku mai taushin murya ya zo har jirgi. Wai in zaɓo masu ƙoshin lafiya. Na ce masa duk lafiyarsu lau, ba wadda ta taɓa yi mini ƙorafi."

Na ce, "Kuma ina za ka kai su a sake su?"

"Inda na kamo su mana. Tarkunana suna nan a ƙasa suna jira. Ke, ku riƙa yin abin nan duk wata, in sayar muku ranar Lahadi, in kama ranar Talata. In ƙaguwa ɗaya ta zo hannuna sau uku sai in ba ta katin zama ɗaliba."

Na yi dariya har na riƙe ƙofar mota. Ita ce ta farko tun rasuwar Lama. Sai ya cire hularsa ya ce, "Ina kewar tsohuwar nan, Max. Ta zana mini karena bayan ya mutu, daga ka kawai, ba hoto. Ta ƙi karɓar komai sai kan kifi na kyanwoyinta." Ya mai da hular ya tafi, bai jira in amsa ba. Gara da ya yi haka.

Alhamis, 25 ga Disamba, tsakar rana

Kowa ya tafi wurin danginsa. Na dafa miyar wake da ta ishi mutum biyu. Na kai kwanona barga na ci a zaune kan buhu, shi kuma yana mutsuka tuffa da dasashi.

Litinin, 29 ga Disamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na karɓi lambar mutumin bayan duwatsu a wurin Noreen, na kira shi. Murya mai fara'a. Na tambaye shi girman filinsa, ya ce babba. Jakuna nawa yake da su yanzu, ya ce suna zuwa suna tafiya. Na ce suna tafiya ina? Ya ce, "Gidaje masu kyau, madam." Na ce ko zan iya zuwa ganinsa da bazara. Sai ya tambaye ni nauyin jakin.

Ban tambaye shi dalili ba. Mai son tsohon jaki don ya yi kiwo tambayar shekaru yake yi, da abin da yake iya ci.

Na gaya wa Leland. Ya ce kada in yi wa mutumin da ban sani ba mummunan zato, zato ma guba ne a zuciya. Ruwa dai ba ya tsami banza. Na karanta tatsuniyoyin rayuwar Buddha ta baya tun daga farko har ƙarshe, ya zo a barewa, ya zo a biri, ya zo a zomo, ban ga inda ya zo a shugaban kwamiti ba.

Laraba, 31 ga Disamba, ƙarfe bakwai na safe

Ruwa. Taga. Ban shiga ba.

Juma'a, 2 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Zaren ba ya nan.

Na duba ƙasa, na tona ciyawar shimfiɗarsa da hannu, na bi katanga ko ya maƙale a ƙusa. Sai na koma na duba gezar da kyau. Gashin wurin a yanke yake, daidai wa daida, aikin almakashi.

Ya tsaya yana kallona da idonsa ɗaya, yana jiran karin kumallo.

Lahadi, 4 ga Janairu, ƙarfe uku na rana

Na gan shi.

Yana kan teburin ibada, cikin ɗan akwatin gilashi, a kan farin alharini, tsakanin tabaran Lama da buroshin da ta fi so. An kunna masa fitila. Mutane suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyar da kai.

Na tsaya a layi kamar kowa har na iso gabansa. Ƙullinta ne, irin wanda take yi da hannun hagu, har da gashin Sanata a maƙale.

Noreen ta zo kusa da ni tana raɗa, idonta cike da ƙwalla. "Kin gani, Maxine? Ni na tuna da shi. Na ce kada ya tafi da jakin ya ɓace. Hannunta ne fa ya ƙulla shi. Duk gidan nan babu wani ƙulli nata da ya rage."

Na ce, "Noreen, kin san abin da zaren nan yake nufi?"

"Haba, na sani mana. Shi ya sa yake da daraja."

"Darajarsa a wuyan wa?"

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Babu mugunta a ranta ko ƙwayar zarra, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Da ɓoye shi ta yi don a samu hanyar sayar da jakin, da na san da wa nake faɗa. Ita tsakaninta da zuciyarta ceto ta yi. Ta ceci zare.

Na ce ta ba ni mabuɗin akwatin. Ta ce yanzu ya zama kayan tabarruki, sai kwamiti ya zauna. Muryata ta fara tashi, ban san lokacin ba. Na san dai na ce wani abu game da mutanen da za su lashi kwano su zubar da tuwon, kuma zauren ya yi tsit, wani yaro ya fara kuka, matar Portland ta ce a yi mini addu'a. Leland ya kama gwiwar hannuna ya fitar da ni ta ƙofar baya, ba takalmi.

Litinin, 5 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Ba wanda ya zauna kusa da ni a wurin karin kumallo. An bar mini tebur guda, kamar ita.

Laraba, 7 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Leland ya zo barga. Tun da ta rasu bai taka nan ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana kare wandonsa daga taɓo.

Ya ce kwamiti ya zauna. Zaren zai ci gaba da zama a zaure. Mota tana nan tafe ranar Litinin. Ɗakina kuma nawa ne har iyakar rayuwata, sun amince baki ɗaya, saboda hidimar da na yi. Ya ɗan dakata a kan wannan, don in ji nauyinsa.

Na ce, "In kuma na tafi da shi?"

"Lauya ya ce duk abin da ta mallaka na gidan ne. Har da shi. Kada ki sa ni a wannan matsayi, Max."

"Ai ba ta mallake shi ba. Kai ka sha gaya wa baƙi. Wanda aka fansa ba shi da ubangida."

"Wannan a zaure ne."

"A waje fa?"

Ya zauna kan buhun dusa, wandon da yake karewa ya sha ƙura, ya rufe fuska da hannu. Ya ce ba ya barci. Ya ce ta bar masa gida mai yoyo da mutum ɗari masu jiran ya zama ita, shi kuwa ko layi ɗaya bai iya ja ba. "Da na yi mata alkawarin nan, da gaske nake. Ki yarda da ni. Ban san abin da ke cikin asusu ba sai bayan nan."

Na yarda da shi. Abin haushin ke nan, na yarda. Na kusa dafa kafaɗarsa. Sai Sanata ya miƙo wuya ya fara shinshina aljihunsa, shi kuma ya ja da baya har ya kusa faɗuwa, ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ce sai da safe.

Mu biyu ne kaɗai a gidan nan muka san yadda take tari da safe, ni da mutumin da ya fita yanzu. Da ba don wannan abu ba, da shi zan zauna in yi kuka.

Alhamis, 8 ga Janairu, ƙarfe shida na safe

Na shiga ɗakin zanen. Warin tawada yana nan. Na buɗe tagar na miƙa masa ɓawon burodi, ya karɓa, ya ci gaba da leƙen bayana.

Juma'a, 9 ga Janairu, ƙarfe sha biyu na rana

Ƙanwar Arvo, Helmi, tana da fili a kan hanyar tudu da tsohuwar rumfar shanu. Na je na gani jiya da yamma. Ta ce jaki ya zauna, ni ma akwai ɗaki a saman gareji in zan riƙa kai ta asibiti ranar wankin ƙoda. Ɗakin yana warin man inji, tagarsa ɗaya tana kallon bango. Arvo ya ce zai zo da mota, na ce a'a, ranar yana da ƙaguwar da zai 'yanta. Ya ce, "Ɓarauniyar jaki a shekarunki! In an kama ki zan kawo miki sigari gidan yari." Na ce ba na sha. Ya ce zan koya.

Ba zan yi shi a ɓoye ba. Yau da safe na sami Leland a ofis na gaya masa a tsaye, Noreen tana ji.

Jibi Lahadi, ƙarfe goma, motoci za su tashi zuwa tashar jiragen ruwa domin sakin ƙaguwa da addu'ar ƙarshe. Yana da daga yanzu zuwa lokacin ya kira mutumin bayan duwatsu a gabana ya ce kada ya zo. In ya yi, zan shiga mota tare da su, in riƙe bokitin ƙaguwa, in yi waƙar addu'a da ƙarfi kamar kowa, in ba Noreen haƙuri a gaban jama'a.

In motar ƙarshe ta fita bai kira ba, zan ajiye mabuɗin ɗakina a kan teburinsa, in sa wa Sanata ragama, mu kama hanyar tudu a ƙasa. Da irin tafiyarsa sai la'asar. Hakan na nufin lokacin da za a yi mata addu'ar sallama, wadda ake cewa daga ita ta tafi ke nan, ni ina gefen titi cikin ruwa ina lallashin jaki ya tsallake kwalbati. Na auna wannan kwana biyu. Ba wanda ya kai ni cancantar zama a sahun gaba ranar nan, kuma ba za a sake yin ta ba.

Kayana akwati biyu ne da kwalin littattafai, Helmi za ta aiko a ɗauka. Ranar Litinin da safe zan fitar da kujera bakin ƙofar filinta in zauna. In mai mota ya zo, ya tarar da ni. In ɗan sanda Leland ya turo, sai ya zo tare da shi, ya nuna jakin da yatsansa ya ce nasa ne, ina kallonsa.